Gregory Vlastos da Sauyin Nazarin Falsafar Girkawan Dā

Gregory Vlastos yana cikin manyan malaman da suka sauya yadda jami'o'in Amurka da Ingila ke karanta Sokratis da Aflatun. An haife shi a Istanbul ranar 27 ga Yuli, 1907, ya rasu a Berkeley ta jihar Kalifoniya ranar 12 ga Oktoba, 1991. Ya shafe kusan shekara 60 yana koyarwa yana rubutu. Lokacin da ya shigo fagen, yawancin masu nazarin falsafar Girkawa sun fi mayar da hankali ga gano abin da magabata suka faɗa da lokacin da suka faɗe shi. Kafin ya bar duniya, an saba da wata tambaya ta daban: shin hujjar da suka kawo ta tsaya da ƙafafunta, ko kuwa akwai inda ta karye? Tarihin aikinsa kusan shi ne tarihin wannan sauyi.

Halin da ya tarar

A farkon ƙarni na 20, nazarin falsafar Girka aiki ne na masana harshe da tarihi, kuma Jamus ce cibiyarsa. A 1903 Hermann Diels ya tattara gutsattsarin maganganun masanan da suka gabaci Sokratis, ya tsara su a littafi guda wanda har yau ake komawa gare shi. A 1923 Werner Jaeger ya fitar da littafinsa a kan Aristotal, inda ya yi ƙoƙarin nuna cewa tunanin mutumin ya bi matakai, daga biyayya ga malaminsa Aflatun zuwa cin gashin kansa. A Birtaniya kuwa, tun 1867 Lewis Campbell ya fara amfani da ƙirga kalmomi da lura da salon rubutu don gano waɗanne littattafan Aflatun ne na ƙarshen rayuwarsa, sannan John Burnet ya tace matanin Aflatun na Girkanci aka buga shi a Oksford tsakanin 1900 da 1907.

Waɗannan bayin ilimi sun yi aikin da ba a iya biyansu, domin sun bar wa na baya matani ingantacce. Amma a daidai wannan lokaci sassan falsafa na Ingila da Amurka sun kama wata hanya. A ƙarƙashin tasirin Gottlob Frege da Bertrand Russell da G. E. Moore, falsafa ta koma feɗe magana da auna hujja da sabon ilimin manɗiƙi. Da yawa daga cikin masu wannan hanya suna ganin littattafan dā a matsayin kayan tarihi. Sai aka samu rata: masu Girkanci ba su cika damuwa da sabon manɗiƙi ba, masu manɗiƙi kuma ba su cika zama a kan Girkanci ba. Akwai 'yan kaɗan da suka fara cike ratar, kamar Gilbert Ryle da ya yi rubutu a kan muhawarar Parmenides ta Aflatun a 1939, da Richard Robinson da ya fitar da littafi a kan salon jayayyar Aflatun a 1941. Sai dai a lokacin ba su zama zuri'ar ilimi ba tukuna.

Tasowa da shekarun Kanada

Mahaifin Vlastos Bagirke ne, mahaifiyarsa 'yar asalin Skotland. Ya yi karatu a Kwalejin Robert da ke Istanbul, daga nan ya tafi Amurka ya karanci ilimin addinin Kirista a Shikago, ya kammala a 1929. Ya sami digirin digirgir a Harvard a 1931, a zamanin da Alfred North Whitehead ke koyarwa a can, kuma kundinsa a kan matsayin Ubangiji ne a falsafa. A shekarar ya fara koyarwa a Jami'ar Queen's da ke Kingston a Kanada, inda ya zauna har 1948.

A waɗannan shekaru ba a san shi da Aflatun ba sosai. Zamani ne na karyewar tattalin arzikin duniya, ma'aikata suna rasa aiki, mulkin kama-karya yana bunƙasa a Turai. Vlastos ya shiga cikin ƙungiyar Kiristocin Kanada masu neman adalci ga talaka da ma'aikaci. A 1936 shi da R. B. Y. Scott suka shirya littafi a kan wannan manufa, a 1939 kuma ya rubuta wani a kan imanin Kirista da dimokuraɗiyya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya yi aiki a rundunar sojan sama ta Kanada.

Wannan damuwa da adalci ce ta biyo shi zuwa Girka ta dā. A ƙarshen shekarun 1930 ya je Kambirij, ya haɗu da F. M. Cornford, kuma a 1939 ya buga maƙala a kan muhawarar Timayos inda ya saɓa wa Cornford, ya ce labarin halittar duniya da ke ciki Aflatun yana nufinsa ne a zahiri. A 1941 ya rubuta a kan bauta a tunanin Aflatun, ya nuna cewa dangantakar ubangida da bawa ta shiga har cikin yadda Aflatun ke kallon rai da jiki. A 1946 ya rubuta a kan adalci a wurin Solon, mai dokar Atina, a 1947 kuma ya nuna yadda masanan farko na Girka suka ɗauki kalmomin adalci da daidaito daga siyasar biranensu suka bayyana tsarin sararin samaniya da su. Tun daga nan hali guda ya bayyana: yana girmama magabata, amma ba ya rufe ido ga abin da bai dace ba a maganarsu.

Maƙalar 1954

A 1948 ya koma Jami'ar Cornell. A can ya zauna da masana falsafar zamani irin su Max Black, ya koyi feɗe hujja a hannunsu alhali shekarunsa sun haura 40. Amfanin wannan sabon karatu ya fito a 1954, a maƙalar da ya buga a mujallar Philosophical Review a kan abin da ake kira Hujjar Mutum na Uku.

Aflatun ya koyar da cewa bayan abubuwan da ido ke gani akwai Surori na asali waɗanda ba sa canzawa. Abubuwa da yawa manya ne saboda dukkansu suna da rabo daga Sura guda, wato Girma. Amma a muhawarar Parmenides, shi da kansa ya kawo suka ga wannan ra'ayi. Idan aka haɗa manyan abubuwa da ita Surar Girma aka dube su gaba ɗaya, dukkansu manya ne. To, ke nan ana buƙatar wata Sura ta biyu da za ta bayyana girman wannan sabon taro, sannan ta uku, haka nan ba iyaka. Wannan shi ne abin da malaman tauhidi ke kira tasalsuli. Masana sun daɗe suna saɓani: wasu sun ce sukar ta rushe koyarwar Aflatun, wasu sun ce wasa ne da hankali wanda shi ya san amsarsa.

Vlastos ya jera hujjar daki-daki, kowace muƙaddima da lambarta, ya tambaya ko natijar ta fito daga abin da aka rubuta. Ya ga ba ta fito ba sai an ƙara muƙaddimomi biyu da ba a ambata ba. Ta farko: ita Surar tana ɗauke da siffar da take bayarwa, wato Girma shi kansa babba ne. Ta biyu: duk abin da ke ɗauke da siffa, ba shi ne Surar da ta ba shi siffar ba. Idan aka ɗora waɗannan biyu a kan juna yadda ya tsara su, sai a sami tuƙa da warwara, domin Girma zai zama ba shi ne Girma ba. Hukuncin da ya yanke shi ne Aflatun ya ji cewa akwai matsala, bai iya gano tushenta ba, amma ya rubuta ta a fili bai ɓoye ba. A wurin Vlastos wannan abin yabo ne ga Aflatun, domin gaskiya ce ta sa ya fallasa raunin koyarwarsa da hannunsa.

Maƙalar ta tayar da ƙura. Wilfrid Sellars ya mayar da martani a 1955, Peter Geach a 1956, Sellars yana nuna cewa ana iya tsara muƙaddimomin ta yadda ba za su ci karo ba. Vlastos ya amsa, kuma a 1969 ya sake dawowa kan batun da gyare-gyare. Ba kowa ya yarda da hukuncinsa ba, amma kusan duk wanda ya saɓa masa ya yi amfani da irin kayan aikinsa: lambobi, muƙaddima, natija, da komawa ga kalmar Girkanci. A Ingila G. E. L. Owen yana yin makamancin haka. A 1953 Owen ya girgiza fagen da da'awar cewa Timayos ba ta cikin littattafan ƙarshe na Aflatun, Harold Cherniss kuma ya yi masa raddi a 1957. Mujallar Phronesis, wadda aka keɓe don falsafar dā, ta fara fitowa a 1955. Cikin shekara goma, salon rubutu a fagen ya canza.

Princeton da renon almajirai

Daga 1955 zuwa 1976 Vlastos ya riƙe kujerar shehun malami a Princeton. Babban abin da ya kafa a can shi ne tsarin karatu da ya haɗa sashen falsafa da sashen harsunan Girka da Rum, ta yadda ɗalibi ba zai fita ba sai ya iya karanta matani a harshensa na asali kuma ya iya auna hujja kamar kowane masanin falsafar zamani. Daga hannunsa aka samu Terence Irwin da Richard Kraut da Alexander Nehamas da Paul Woodruff, waɗanda kowannensu ya zama jigo daga baya.

A 1973 ya tattara maƙalunsa a littafin Platonic Studies. A ciki akwai wadda ta yi nazarin ƙauna a wurin Aflatun, inda ya yi suka cewa a wannan koyarwa ana son mutum ne saboda kyawawan siffofin da ke tare da shi, shi kansa mutumin kuma, da rauninsa da keɓantacciyar halittarsa, ba a ba shi cikakken matsayi ba. Martha Nussbaum ta mayar da martani a littafinta na 1986, tana nuni da cewa jawabin Alkibiyadis a ƙarshen muhawarar Walima ya nuna Aflatun ya san da wannan matsala. A 1975 Vlastos ya fitar da ƙaramin littafi a kan yadda Aflatun ya fahimci sararin samaniya.

Komawa ga Sokratis

Sokratis, wanda kotun Atina ta yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, bai rubuta komai ba. Abin da aka sani game da shi ya zo ne ta hannun Aflatun da Zenofon da Aristofanis da Aristotal, kuma hotunan da suka zana ba su yi daidai da juna ba. A shekarun 1950 Vlastos ya rubuta littafi sukutum a kansa, ya duba ya ga bai gamsu ba, ya ajiye shi bai buga ba. Bayan ya yi ritaya daga Princeton ya koma Berkeley, inda ya koyar har 1987, sai ya sake ɗaukar batun daga tushe. Littafin da almajirinsa Irwin ya fitar a 1977 a kan koyarwar ɗabi'a ta Aflatun ya ƙara zaburar da shi, har malami da almajiri suka yi musayar raddi a fili a 1978. A 1981 ya gabatar da laccocin Gifford a St Andrews a kan Sokratis.

A 1983, a fitowar farko ta Oxford Studies in Ancient Philosophy wadda Julia Annas ta assasa, ya buga nazarinsa a kan hanyar tambaya ta Sokratis. Tsarin hanyar sananne ne. Abokin magana zai faɗi ra'ayinsa. Sokratis zai sa ya amince da wasu maganganu biyu ko uku, sannan ya nuna masa cewa waɗannan sun ci karo da ra'ayin farko. A muhawarar Gorgiyas, alal misali, Polos ya ce gara mutum ya yi zalunci da a zalunce shi, amma ya yarda cewa yin zalunci ya fi muni, daga nan Sokratis ya kai shi ga warware maganarsa. Vlastos ya nuna inda gizo ke saƙar: abin da aka tabbatar kawai shi ne maganganun ba sa zama tare, to me ya ba Sokratis damar cewa ra'ayin farko ne ƙarya, ba ɗaya daga cikin sauran ba? Amsarsa ita ce Sokratis ya ginu a kan wani zato da gogewa ta koya masa, cewa duk mai riƙe da ra'ayin ɗabi'a na ƙarya yana kuma riƙe da wasu ra'ayoyi na gaskiya da za su rushe shi. Shi ya sa sharaɗin hanyar shi ne kowa ya faɗi abin da ya yi imani da shi tsakani da Allah, domin rayuwar mutum ake bincike tare da maganarsa.

A 1985 ya tunkari wata tsohuwar matsala: yaya mutumin da ke cewa bai san komai ba yake magana da tabbaci a kan daidai da kuskure? Ya ce sani iri biyu ne a bakin Sokratis. Akwai na yaƙini wanda ba ya karɓar kuskure, shi ne yake musun yana da shi. Akwai kuma wanda ya jure tambaya sau da yawa bai karye ba, shi ne yake dogara da shi.

Duk wannan ya taru a littafinsa na 1991, Socrates: Ironist and Moral Philosopher, wanda ya fito a shekarar rasuwarsa. A ciki ya jera bambance-bambance 10 tsakanin Sokratis na muhawarorin Aflatun na farko da na muhawarorinsa na tsakiya. Na farkon ɗabi'a kaɗai ta dame shi, ba shi da koyarwar Surori masu zaman kansu, ba ya raba rai kashi uku, ba ya zurfafa a lissafi, kuma yana tattaunawa da duk wanda ya tarar. Na biyun, wanda ake gani a muhawarar Jamhuriya, yana da duk waɗannan koyarwoyi, kuma ya keɓe falsafa ga 'yan kaɗan da aka horar. Vlastos ya ce na farkon shi ne Sokratis na tarihi, na biyun kuwa bakin Aflatun ne, kuma muhawarar Meno, inda aka sa wani bawa ya warware matsalar lissafin siffofi, ita ce mararraba. Ya kuma ba da babi guda ga abin da yake ganin shi ne mafi girman gadon Sokratis: koyarwar da ke cikin muhawarar Kirito cewa bai halatta a rama cuta da cuta ba, a cikin al'ummar da ta ɗauki taimakon aboki da cutar da maƙiyi a matsayin cikar mutunci.

A waɗannan shekaru ya jagoranci tarukan ƙara wa juna sani na lokacin hutu, waɗanda aka shirya wa malaman ƙananan kwalejoji. Da dama daga cikin waɗanda suka cika fagen nazarin Sokratis da rubutu daga baya a nan suka samu horo. A 1990, yana da shekara fiye da 80, aka ba shi kyautar MacArthur. Bayan rasuwarsa Myles Burnyeat ya shirya sauran maƙalunsa a kan Sokratis aka buga a 1994, Daniel Graham kuma ya tattara wasu a juzu'i biyu a 1995.

Abin da ya biyo baya

Ba a daɗe ba aka fara taɓa ginshiƙan ginin. A 1996 Charles Kahn ya yi jayayya cewa muhawarorin farko ba rahoton tarihi ba ne, dabara ce ta marubuci mai shirya masu karatu don abin da zai zo a Jamhuriya. A 1997 John Cooper, a gabatarwar cikakkiyar fassarar Aflatun da ya shirya, ya shawarci masu karatu da kada su dogara da jerin farko da tsakiya da ƙarshe, domin ƙirgar salo ta tabbatar da rukunin ƙarshe ne kawai da ƙarfi. Wasu sun farfaɗo da darajar shaidar Zenofon, wanda Vlastos bai ba shi nauyi sosai ba. Wasu kuma sun yi ƙorafin cewa ciro hujja daga muhawara a jera ta da lambobi yana zubar da abubuwa masu muhimmanci: wane ne ke magana, a ina, da wa, cikin wane hali. Aflatun marubucin wasan kwaikwayo ne na hankali, kuma bai taɓa yin magana da bakinsa a muhawarorin ba. Daga Faransa, Pierre Hadot ya tunatar tun 1981 cewa falsafa a wurin mutanen dā hanyar rayuwa ce da tarbiyyar rai.

Fagen ya kuma faɗaɗa fiye da inda Vlastos ya tsaya. A 1987 A. A. Long da David Sedley suka fitar da tarin matanin masanan da suka biyo bayan Aristotal. A shekarar ne kuma jerin fassarar masu sharhin Aristotal, wanda Richard Sorabji ya jagoranta, ya fara fitowa, kuma ya wuce juzu'i 100. Waɗannan masu sharhi su ne gadar da falsafar Girka ta bi ta isa Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, daga nan manɗiƙi ya shiga karatun Musulmi, har ya kai ga littattafai irin su Sullam na Al-Akhdari da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Kwamfuta ma ta sauya aikin: taskar matanin Girkanci da aka fara ginawa a Irvine a 1972 ta sa binciken kalma da ke cin watanni ya koma aikin ɗan lokaci. Mata irin su Julia Annas da Gail Fine da Gisela Striker da Dorothea Frede sun hau sahun gaba a fagen da a dā kusan maza ne zalla.

A yau masana kaɗan ne za su karɓi bambance-bambancen nan 10 yadda ya jera su, kuma an samu fassarori da yawa na Hujjar Mutum na Uku da suka saɓa wa tasa. Sukar da aka yi wa hanyarsa tana da gaskiya a ciki, domin hujja da aka raba da mahallinta tana iya fita da kamar da mai ita bai nufa ba. Amma waɗanda suka gyara masa sun yi hakan ne da ƙa'idojin da ya taimaka wajen kafawa: a kawo matani, a faɗi muƙaddima a fili, a nuna inda natija ta fito, a karɓi gyara idan ya zo ko daga almajiri ne. Shi kansa ya rayu a kan waɗannan ƙa'idoji, tun daga littafin da ya ƙi bugawa har zuwa ra'ayoyin da ya janye a rubuce yana tsoho. Hukunce-hukuncensa da yawa sun tsufa, amma ɗabi'ar ɗaukar magabata da muhimmancin da zai sa a tambaye su hujja ta zauna daram, kuma ita ce babban abin da nazarin falsafar Girka ya gada daga gare shi.